Jam'in Person a Turanci: Persons ne, People ko Peoples?

Tambaya: Malam, ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare. Ɗalibaina suna yawan rubuta "many peoples came", ina kuma soke musu shi, sai wani daga cikinsu ya kawo mini littafi ya nuna mini kalmar peoples a rubuce. Shin mene ne jam'in person, kuma yaushe ake ƙara wa people harafin s?

Amsa: Malam, ka yi daidai da kake sokewa, amma shi ma ɗalibin bai yi ƙarya ba. A magana ta yau da kullum, jam'in person shi ne people, don haka za a ce "one person" da "five people". Tunda kalmar ta riga ta zama jam'i, ba ta buƙatar wani s, kuma aikatau ɗin da zai biyo ta shi ne are ko were, ba is ko was ba.

Persons kuwa ba kuskure ba ce, sai dai ta fi zama a harshen shari'a da takardun hukuma, inda ake ƙidaya kowane mutum a ƙashin kansa. Shi ya sa ake kiran 'yan gudun hijirar cikin gida Internally Displaced Persons, haka nan cikakken sunan hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ya ƙare da Trafficking in Persons. Wanda ya ce "three persons visited me" ba a ce ya karya ƙa'ida ba, amma maganarsa za ta yi wa Bature kama da rahoton 'yan sanda.

Abin da ɗalibinka ya gani wata ma'ana ce dabam. People tana iya nufin al'umma guda mai harshe da tarihi ɗaya, kuma a nan tilo ce, ana cewa "a people". Idan al'ummomin suna da yawa, kamar Hausawa da Barebari da Nupawa, sai a ce "the peoples of Nigeria". Da wannan ma'anar aka sa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 suna African Charter on Human and Peoples' Rights. Mahalarta taron suna ko ɗaurin aure, komai yawansu, people ne kawai.

Irin wannan ƙarin s shi ke haifar da childrens da mens da womens, alhali children da men da women sun cika jam'i. A ganina ma kuskuren da ya fi yaɗuwa a ofisoshinmu shi ne "I am a staff", domin staff suna ne na ma'aikata a dunƙule. Mutum ɗaya sai ya ce "a member of staff". Haka police take: "the police are coming" ake cewa, guda ɗaya kuma shi ne "a police officer".