Biyar da nema a Munich: Inter ba ta sayar da wasa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya tambaya ko Inter Milan sayar wa PSG da wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai ta yi, tunda a ganinsa wadda ta fitar da Barcelona ba za ta sha biyar da nema haka kawai ba, ga amsata.

Wallahi babu maganar sayarwa. Wasan nan na 31 ga Mayu 2025 a gidan kallo na gan shi, nan Sabon Gari, kuma Dembélé, ɗan wasan gaban PSG, na zuba wa ido. Duk sanda mai tsaron gidan Inter, Sommer, ya ajiye ƙwallo zai buga, sai Dembélé ya zo bakin yadi na 18 ya ɗan duƙa, ƙafa ɗaya gaba, kamar mai jiran usur a filin tsere. Ana taɓa ƙwallo ya afka. Ita kuwa Inter daga baya ta saba ɗauko wasanta, a sannu. Da aka toshe nan, dole Sommer ya riƙa dokawa sama, tana faɗowa Vitinha ko João Neves na PSG ya tsince.

Minti 12 Hakimi ya ci, ya ɗaga hannuwa bai yi murna ba don tsohuwar ƙungiyarsa ce. Minti 20 Doué, yaro ɗan shekara 19, ya ƙara. Daga nan ba makawa Inter ta fito neman ramawa, bayanta ya buɗe, aka ƙara mata uku bayan hutun rabin lokaci.

Sai gajiya, wadda ba a cika kawowa a musun fada ba. PSG tun watan Afrilu ta lashe gasar Faransa, kocinta Luis Enrique yana hutar da wanda ya ga dama. Inter kuwa har ranar ƙarshe tana kokawa da Napoli a gasar Italiya, kofi ya kuɓuce mata da maki ɗaya tak. Ga 'yan wasanta, Acerbi shekara 37, Mkhitaryan 36. Yaya za su bi yaran nan da gudu minti 90?

Magoya bayan Barcelona na fadarmu har yau cewa suke da su ne suka je, da ba haka ba. Ina girmama su, amma ƙwallo 7 wannan Inter ɗin ta zura musu a wasa biyu. Kuma mu da muka daɗe muna bin harkar ba mu manta wasan ƙarshe na wannan kofi na 1994 ba a Athens: Barcelona ta koci Cruyff, ga Romário ga Stoichkov, kowa ya ba ta kofi tun kafin a take. AC Milan ta zo babu manyan 'yan bayanta, Baresi da Costacurta, ta ɗura mata huɗu da nema. Wannan ma sayarwa ce?

Inda na yarda da kai, ƙanena, shi ne kocin Inter na lokacin, Inzaghi, yana da laifi. Ana ta raɗe-raɗin tafiyarsa Saudiyya tun kafin wasan, kuma 'yan kwanaki bayansa ya koma Al-Hilal. A ganina wannan ya raba hankalin 'yan wasa. Sannan yana kallo ana cinye masa tsakiya tun farko, an ci shi biyu, amma ya dawo daga hutu da tsarin nan nasa na 3-5-2 bai sauya ba. Wannan kam ya ba ni haushi ƙwarai.