Sassaucin lokacin korona ya yafe lanhon gidan abinci?

Malam Ɗan'uwa, ka ce ka rufe gidan abincinka a Yamai lokacin dokar hana fita ta 2020, ka sake buɗewa, sai ga takardar tsohon lanho.

Sassaucin da gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sanar a watan Maris na shekarar na ɗan lokaci ne, kuma ɗage biya daban yake da yafewa. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Tuntuɓe na biyu shi ne rufe shago ba tare da sanar da DGI, wato hukumar karɓar lanho, a rubuce ba: a wurinsu kana nan kana ciniki.

Ɗauki lambar NIF, wato lambarka ta mai biyan lanho, da tsofaffin rasit, ka je DGI ka roƙi biya kaɗan-kaɗan. Kada ka bi ta ɗan kamasho. In kuɗin sun yi nauyi, nemi akanta ya duba lissafin tukuna.