Lambar yabon inganci: wadda ake ci da wadda ake saye

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina da ƙaramin kamfanin kilishi a Tawa. Za a yi gasar ingancin kamfanoni a Yamai, ana biyan kuɗin rajista, masu bincike su zo su duba aiki. Sai ga wata takarda daga waje, wai mu ne gwarazan shekara, mu tura kuɗi a aiko mana da kofi. Wacce ta halatta?

Amsa: Da sunan Allah. Alhaji, ta farkon halas ce. Kuɗin rajistar ladan masu bincike ne, ijara ke nan. Da a ce daga aljihun ƴan takara ake tara abin da gwani zai kwashe, da ta zama caca. Bayyana ƙwarewarka kuma ba riya ba ce, Annabi Yusuf (AS) ya ce wa sarki shi mai tsarewa ne, masani (Yusuf: 55).

Ni a ganina amfanin yana cikin binciken, kofin kuwa ado ne. Mai bincike zai tsaya a kan gadon shanya ya tambaye ka: naman nan daga wace mahauta? Me ke kare shi daga ƙuda da ƙura? Yaushe rabon da a gwada sikelinka? In mai saye ya maido kaya, a ina aka rubuta? Irin tambayoyin ISO 9001 ke nan, wato ƙa'idar duniya ta kula da ingancin aiki, kuma a kan irin wannan duba aka kafa kyautar Deming, lambar yabon inganci ta Japan, tun 1951. Ko ba ka ci ba, ka ga inda rufinka ke yoyo. Batun sikeli dai, Suratul Muɗaffifin ta riga su.

Ta biyun fa, wa ya ɗanɗana kilishinka kafin ya zaɓe ka? Manzon Allah (SAW) ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu na ƙarya ne, Buhari da Muslim suka ruwaito. Liƙa tambarinta a ledarka yaudarar mai saye ce, haramun ne. Haka miƙa wa alƙalan gasa "na goro", rashawa ce.

In ka ci ta gaskiyar, ka rubuta shekarar a jikin tambarin. Ranar da ka rage ƙuli ko ka koma wa nama mai araha, cire shi. Ka tuna mai tsibin hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, Annabi ya sa hannu ya taɓo lema, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Allah ne mafi sani.