Tambaya da Amsa: Ba'amurke zai iya ajiye makami mai linzami a gidansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani abokinmu ya rantse cewa tsarin mulkin Amurka ya ba kowa damar mallakar kowane irin makami, har da makamai masu linzami irin waɗanda ake cewa sun fi sauti gudu. Gaskiya ne? Kuma mene ne abin tsoro a wannan sabon makamin? Daga mai bibiyar wannan fili, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya kama gaskiya ta wutsiya, ya bar kanta.

Abin da yake nufi shi ne gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya ce kada a tauye wa jama'a haƙƙin riƙe makami. Bindigar wancan zamani irin harbi-ka-ruga ce. Ina tuna ta kakana da ke rataye a zaure: sai ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, sannan ya harba sau ɗaya tak. Da irin wannan a ransu aka rubuta dokar, shi ya sa har yau ake ta ja-in-ja a kan iyakarta.

A 2008 wani mai gadi a birnin Washington, Dick Heller, ya yi nasara a Kotun Ƙoli. Yana riƙe bindiga a bakin aiki, amma dokar birnin ta hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gida. Alƙalai 5 suka goyi bayansa, 4 suka ƙi. Sai dai a cikin hukuncin nan, mai shari'a Antonin Scalia ya bayyana cewa haƙƙin yana da iyaka, kuma ana iya hana makamai masu haɗari waɗanda jama'a ba su saba riƙewa ba. Tun 1934 ma akwai doka mai tsauri a kan bindiga mai sarrafa kanta, a 1986 kuma aka hana farar hula sayen sabbi. To ina ga makami mai linzami? A 2022 kotun ta ƙara buɗe ƙofa, ta soke dokar New York da ke taƙaita fita da bindiga, amma a 2024 ta yarda a ƙwace ta daga hannun wanda kotu ta hana kusantar iyalinsa saboda duka.

Shi kuwa makamin da ka tambaya, gudunsa ya ninka na sauti sau biyar ko fiye, wato kimanin kilomita 6,000 a awa ɗaya. Daga Kano zuwa Legas ba zai cika minti goma ba. Gudun kaɗai ba sabon abu ba ne, tsofaffin makamai masu ƙetare nahiyoyi sun daɗe da wuce haka. Sabon abin shi ne wasunsu suna tafiya ƙasa-ƙasa, suna kauce-kauce, na'urar hangen jirage ba ta ganin su sai sun matso. Ƙasar Sin ta nuna nata mai suna DF-17 a faretin soja na 2019, Rasha kuma ta harba nata mai suna Kinzhal a Yukiren a Maris 2022. Ba a ce ba a iya tare su ba: a Mayu 2023 Yukiren ta ce ta kakkaɓo Kinzhal ɗaya da Patriot, makamin tare hari ta sama, a sararin Kyiv, babban birninta. Irin wannan kaya sai gwamnatoci.

Ni dai abin da ya fi ci mini rai a zancen nan ba makami mai linzami ba ne. A Mayu 2022 wani matashi ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare a Uvalde, jihar Texas, ya kashe yara 19 da malamai 2, da bindigar da ya saya a shago bisa doka. Na san kai da ke Zamfara batun ya shafe ka, tunda a watan da ya biyo baya gwamnanku na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan fashin daji. Ka faɗa wa abokinka tsarin mulkin Najeriya bai ba da irin wannan haƙƙi ba, sai da lasisi a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959.