Likita, in je a murɗa min wuya ko zan rabu da ciwon ɓarin kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, da fatan ka wuni lafiya. Ni mace ce mai shekara 32, ina koyarwa a wata lakwal nan cikin Damagaram. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, in ya taso sai na shige ɗaka na rufe taga, ko kukan yaro ba na son ji, wani lokaci har da amai, kuma kafin ya zo nakan ga wani walƙiya-walƙiya a gefen ido. Da a wata sau ɗaya ne ko biyu, yanzu kusan kullum da nauyin kai nake tashi, parasetamol ya daina min aiki na koma wata jar ƙwaya da nake saye wajen mai tebur. Wallahi na gaji da shan ƙwaya, tsoro nake kar ƙodata ta lalace. Wata abokiyar aikina ta ce akwai wani mutum da ya dawo daga waje yana gyaran wuya irin na bidiyon TikTok, wai ƙashin wuyana ne ya goce ya danne jijiya, in ya murɗa ya yi ƙas shikenan, jika 5 kowane zuwa. Maigidana ya ce in fara tambaya. In je? In kuma a'a, wace hanya ce babu ƙwaya?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi, ki gaida maigidan, ya kyauta da ya ce a tambaya. Kada ki je. Ni kine ne, wato mai gyaran jiki da tausa da atisaye a asibiti, da hannu nake neman abincina, kullum ina taɓa wuyan mutane, to ba kishin sana'a ne ya sa na ce haka ba.

Abin da kika lissafa, ɓari ɗaya, amai, gudun haske da hayaniya, ga walƙiyar nan da ke riga ciwon zuwa, ai migiren ne sak, irin mai alamar gargaɗi. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyinta, galibi gado ake yi, ya fi kama mata, yana ɗaukar awa 4 zuwa kwana 3. Ba ƙashin da ya goce. Kuma tun kafin in manta, tunda kina ganin walƙiyar, in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai sinadarin istirojin a ciki ki je CSI, wato asibitin unguwa, ki gaya wa ungozoma ta canja miki wata hanya, don haɗuwar biyun nan tana ƙara haɗarin shanyewar jiki.

To bari in zauna a kan maganar gocewar ƙashin nan, don na gaji da jinta, ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji ta ba a wajen aiki. Mutum zai shigo yana dafe da ƙeya ya ce likita jijiya ce ta hau kan jijiya, ko ƙashi ne ya zame, a mayar min. Malama, in ƙashin wuyan mutum ya goce da gaske ba da ƙafarsa yake zuwa ba, a kan katako ake ɗauko shi daga inda babur ya kada shi. Ita wannan fahimtar ta ƙashin baya da ke ɗan karkacewa ya haifar da cututtuka ba daga likitoci ta fito ba, wani mutum ne Daniel David Palmer ya ƙirƙiro ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, shi kansa ba likita ba ne, maganin maganaɗisu yake yi kafin nan. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar gini da ya kurmance sai ji ya dawo, daga nan ya yanke cewa kusan duk cuta daga karkacewar ƙashin baya take. Shi ne asalin kairofiraktik, wato sana'ar murɗa ƙashin baya da wuya da sunan magani. Shekara sama da 100 ke nan, ga radiyo ga sikana ga komai, har yau ba a nuna wannan karkacewar tana jawo migiren ba. A ƙasar Norway a 2017 an gwada: aka raba masu migiren, wasu aka yi musu murɗar gaske wasu aka yi musu ta bogi, an dai taɓa su an tura amma ba a murɗa komai ba, duka ɓangarorin biyu suka ce sun ji sauƙi kusan daidai da juna. Wato taɓawar da kulawar da sa rai su ne suka yi aikin.

Ƙarar nan kuwa da ake sa wa makirfo a bidiyo don ta yi daɗin ji, iska ce da ke cikin ruwan gaɓa take fita in an buɗe gaɓar da sauri, irin dai ta ƴan yatsu in kin ja su. Ba abin da ya koma mazauninsa.

Na san abin da za ki ce, ai wuyan nawa yana ciwo da gaske. Ƙwarai kuwa, yawancin masu migiren wuyansu na sagewa kafin ciwon ko a tsakiyarsa, saboda jijiyar da ke ɗauko jin zafi daga fuska da kai da jijiyoyin saman wuya duk wuri guda suke sauke saƙonsu a gindin ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwar ta kasa bambance daga ina ƙarar ta fito. Ciwon ne ya sauko wuya, ba wuyan ne ya haifi ciwon ba. Akwai dai wani ciwon kai daban da asalinsa wuya ne, shi in an juya kai ko an danna ƙeya yake tashi, ba ya zuwa da walƙiya, kuma ko shi ɗin wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2002 kan mutum 200 ya nuna atisayen ƙarfafa naman wuya kaɗai ya rage shi kamar yadda aikin hannu ya rage. To me ya kai mutum ga fizga?

Da a ce asarar jika 5 ce kawai da ban ɓata bakina haka ba. Ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma akwai jijiyoyin jini guda 2, hagu da dama, da ke bi ta cikin ƴan ramukan da ke gefen ƙasusuwan nan suna hawa, su ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa, wajen da ke riƙe da daidaiton tafiya da haɗiya da gani da numfashi. Can sama tsakanin ƙashi na 1 da na 2, inda kusan rabin juyawar kai take faruwa, jijiyar tana yin lanƙwasa. In aka juya kai har ƙarshe aka ƙara fizga, fatar cikinta na iya tsagewa, kamar tsohon tiyon ruwa da aka lanƙwasa da ƙarfi, waje lafiya lau ciki ya dare. Jini ya daskare a wurin, gudan ya ɓalle ya haura ya toshe hanya, sai AVC, wato shanyewar jiki, ga mutum mai shekara 25 ko 30 da ba shi da tansiyo ba shi da suga. Ba kasafai yake faruwa ba, gaskiya ne, dubbai ana murɗa su suna tashi lafiya, amma ba wani gwajin hannu da zai gaya wa mai murɗar cewa ke ce ko ba ke ba ce. Masu kare sana'ar suna cewa ai dama jijiyar ta riga ta tsage, tsagewar ce ta sa mutum ciwon wuya da kai har ya je wajensu. To ko da hakan ne, ai ya fi muni, an kama jijiyar da ta riga ta dare an ƙara fizgarta. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tun 2014 ta ce a riƙa gaya wa mutum wannan alaƙar kafin a taɓa wuyansa. Can fa ke nan, inda mai yin aikin ya yi shekaru a makaranta kuma akwai hukumar da za ta ƙwace takardarsa. Nan wa ke tambayar takarda? Kowa ya kalli bidiyo 10 ya sayi farar riga da gadon tausa ya zama dokta, ya buga lambarsa a WhatsApp, ni da na yi karatun sai na cika takardu kafin in buɗe ƙofa, shi kuwa ko sannu ba mai ce masa.

Ba ma sai mai farar riga ba. Masu aski nawa ne in sun gama gyaran fuska suke kama haɓa da ƙeya su yi ƙas hagu ƙas dama, wai kyauta ce ta kwastoma? An taɓa turo mana wani saurayi ɗan kabu-kabu don koyon tafiya, da yamma aka yi masa aski aka murɗa, da dare jiri da amai, da safe magana ta yi nauyi. Gida suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu har kwanaki suka wuce. Ranar da na fara ganinsa fatar idonsa ɗaya ta sauko, in ya miƙe sai ya karkata gefe guda kamar ana jansa, mahaifiyarsa ta miƙa masa ruwa a kofi ya kurɓa sau ɗaya ya sarƙe yana tari har hawaye, ita kuma tana shafa bayansa tana cewa a hankali Baba na. Ba wanda ya kawo maganar askin sai da aka tambaya, don su a wajensu me ya haɗa aski da wannan. Shi ya sa nake cewa duk wanda aka taɓa wa wuya, ko bayan kwana 2 ko mako ne, ya ji jiri ko yana ganin abu biyu-biyu ko harshe ya karye ko ƙafa tana ja, babban asibiti kai tsaye, kuma ya faɗa da bakinsa cewa an murɗa shi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne yara. Ciwon kai da zazzaɓi da wuya ya sanƙare, a ƙasar nan tamu, lokacin hunturu zuwa bazara, sunansa sanƙarau har sai likita ya ce ba shi ba ne. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kaɗai an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Amma har gobe za ka ga an kai yaro wajen mai ɗori wai ya kwana a kan wuya, ana ta matsa shi da man shanu, awannin da ya kamata a ce allura ta shiga jikinsa suna tafiya. Haka ciwon kan da ya faɗo lokaci guda kamar an buga guduma, da na mai ciki da ƙafa ta kumbura, da wanda ya fara sabo bayan shekara 50, ba ɗayansu da ke jiran tausa.

Mu dawo kanki. Abin da ya mayar da ciwonki na kullum, ina kyautata zaton ƙwayar ce da kanta. Wanda ke shan parasetamol ko ibufirofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗi da kafeyin ko kodin ko tiramol kwana 10 a wata, har ya wuce wata 3, maganin kan juye ya zama shi ke kiran ciwon, da ya sake ki kai ya ɗauka, ki sake sha. Ki ɗauki kwalin jar ƙwayar ki kai wa likita ya karanta abin da ke ciki, na tebur da ke kwana cikin rana ba a ma san me aka zuba ba. In akwai tiramol ko kodin kada ki yanke da kanki, a hankali ake sauka. In babu, ana iya dainawa gaba ɗaya, sai dai ki shirya, makon farko zuwa na biyu kan zai fi da ciwo, ki zaɓi lokacin hutun lakwal. Mutane da yawa cikin wata 2 suke komawa irin ciwonsu na da, sau ɗaya ko biyu a wata.

Hanyoyin da babu ƙwaya akwai su, sai dai ba su da ƙara ba su da daɗin ɗauka a bidiyo. Kan mai migiren ba ya son canji, lokacin barci ɗaya lokacin tashi ɗaya har ranar Lahadi, kada ki fita aji ba ki karya ba, ki tafi da gorar ruwanki musamman Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40. Shayi da goro da kofi ba haramun ba ne gare ki amma ki tsayar da adadi, yau kofi 3 gobe babu shi ke tayar da shi, shi ne ma ciwon kan farkon azumi da mutane ke kuka da shi, a fara ragewa tun Sha'aban. Turaren wuta a rufaffen ɗaki yana tayar wa mata da yawa, na san ba a son jin wannan. Gawayi kuma a ɗaki lokacin sanyi in kowa ya tashi da ciwon kai, wannan guba ce, a fitar da shi. Tafiya da sauri har ki ɗan yi gumi, minti 40 sau 3 a mako, a Suwidin a 2011 an kwatanta motsa jiki irin wannan da maganin rigakafi na topiramat aka ga ragin ya yi kusa da juna, ki yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. In ya taso, ɗaki mai duhu, tsumma mai sanyi a goshi, ruwan citta yana taimaka wa tashin zuciya. Tausar kafaɗa da ƙeya a hankali ba laifi, mu ma muna yi, muna koya wa mutum jan haɓa ciki da sassauta kafaɗa da numfashi a hankali, ba fizga ko ɗaya. Ki sa a duba idonki tunda kina gyaran kaye na yara da dare. Allurar Sinawa, wadda ake soka siraran allurai a fata, tana da ɗan abin da bincike ya nuna a kan migiren in a hannun wanda ya koya ne da allura sabuwa. Ƙaho da tsaga a goshi kuwa ba su da wannan shaidar, ga aska ɗaya kai goma, ciwon hanta ake kwasowa.

Ki samu ƙaramin kaye ki riƙa rubuta ranar da ya taso, me kika ci, awa nawa kika yi barci, ina kike a al'adarki, me kika sha, na wata 2. Ya fi miki sikana amfani, don sikanar mai migiren lafiya lau take fitowa, kar ki sayar da akuya ki kama hanyar Yamai kusan kilomita 900 don hoto sai in likita ne ya nema. In bayan kin rabu da ta tebur har yanzu yana kama ki kwana 4 ko fiye a wata, to a nan kam ki daure ki karɓi maganin rigakafi, irin su amitiriftilin ko furofiranolol, suna da araha a farmasi, likita ne zai zaɓa bayan ya auna tansiyonki ya tambaye ki asma da batun ciki, ana farawa da kaɗan, kuma sai an yi wata 2 zuwa 3 ana sha kafin a ce ya yi ko bai yi ba.