Tambayi Bakanike: Ina so Marsandina ta kwanta ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ina da Marsandi S350 ƙirar 2008, 'yar Kwatano ce, shekara biyu ke nan tana hannuna. Irin mai tafiya a kan iska ce, wadda ake danna maɓalli ta ɗaga. Na sa mata wili mai inci 20, amma ratar da ke tsakanin taya da madgad ta yi yawa, kyan bai fito yadda nake so ba. Wani yaron gareji ya ce cikin awa ɗaya zai sauke mini ita da santimita 5. Zai yiwu kuwa? Akwai illa? Sannan idan ta kwana biyu ban tayar ba, nakan tarar gabanta na hagu ya ɗan sunkuya, amma da na kunna sai ta miƙe.
Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka ita ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Motar da ke sunkuyar da ɓangare ɗaya idan ta kwana, iska ce ke zurarewa. Ko dai jakar robar da ke riƙe iska a wannan ƙafar ta tsattsage, ko bututun da ke kai mata iska, ko kuma bawul ɗin da ke rabawa ƙafafu iska ba ya rufewa sosai. Miƙewar da kake gani da safe kwamfuresa ce, wato injin da ke hura wa ƙafafu iska, ke biyan bashin abin da ya zube cikin dare. Ita kuwa kwamfuresar an yi ta ne ta hura na ɗan lokaci ta huta. In aka bar ta tana aikin dare da rana, zafi zai cinye ta, ranar nan sai ka fito ka tarar motar ta zube a kan tayoyinta. Mota mai wannan ciwo ba a sauke ta, sai an yi mata magani.

Gwajin ba shi da wuya. Ka kaɗa ruwan sabulu, a fesa a saman ƙafar ta cikin bonet inda bututu ya shiga, da jikin jakar. Inda kumfa ya taso, nan ne. In ba a ga komai ba, a auna tsayin kowace kusurwa daga tsakiyar wili zuwa bakin madgad da yamma, a sake aunawa da safe.

To, batun saukewa. Yaron bai yi ƙarya ba, zai yiwu. Wannan tsari da Mercedes ke kira Airmatic ya fara ne a S-Class ta 1998, taka kuwa ita ce wadda ta biyo bayanta, da aka ƙera daga 2005 zuwa 2013. Babu sifirin ƙarfe a ƙafafunta, jakar iska ce ke ɗauke da nauyi. Akwai sensa da aka haɗa da hannun ƙafa ta wani ɗan sanda da bai wuce tsawon yatsa ba, shi ke gaya wa kwamfutar motar inda bodi yake. Mai son saukewa yakan cire wannan sanda ya sa wanda ake iya ƙara masa tsawo ko ragewa. Sensa sai ta ce wa kwamfuta mota ta yi sama da yawa, kwamfuta ta saki iska, mota ta sauka. Akwai kuma masu jona ƙaramin akwatin lantarki a kan wayoyin sensa, da masu shiga da na'urar gwajin Mercedes su sake rubuta tsayin a cikin kwamfutar. A cikin ukun na fi son na ƙarshe, domin ba a yanka waya ko ɗaya, kuma ana iya mayar da shi yadda yake, sai dai iyakar abin da yake bayarwa kaɗan ne.

Santimita 5 ɗin ne ban yarda da shi ba. Motar nan da kanta take ƙara sauka idan ta yi gudu a babbar hanya, haka aka tsara ta don iska ta rage ja da ita. Wannan saukar ba ta san da taka ba, a kai za ta hau. Ka ɗauka kana hanyar Kaduna zuwa Zariya da mutum huɗu a ciki da kaya a but, ka ci karo da rami. Filin da ya rage wa ƙafa ta lotsa ya ƙare, dukan zai tafi kai tsaye jikin ƙarfe. Ga kuma wili mai inci 20 da siririyar taya wadda ba ta da naman shanye duka. Wilin ne zai fara lanƙwashewa.

Akwai abin da ban cika jin ana gaya wa masu mota ba. Jakar iska naɗewa take yi a jikinta, kamar yadda ake naɗe hannun riga. Ta shekara goma sha wani abu tana naɗewa a wuri ɗaya, robar ta bushe da zafinmu da ƙurar hunturu. Da ka canja tsayi, naɗin ya koma wani wuri, ƙananan tsagun da ke ɓoye sai su buɗe. Na sha ganin motar da aka sauke lafiya ƙalau, kafin wata ya zagayo ƙafa biyu sun fara zubar da iska, mai ita yana ta mamaki.

Sai tayoyi. Idan mota ta sauka, kan taya yakan karkata ciki, gefen ciki ya riƙa cin kwalta shi kaɗai. Daga waje za ka ga taya sabuwa ful, ka leƙa ciki ka tarar waya ta fito. Dole a yi alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, bayan saukewa, a wurin masu na'ura, a duba gaba da baya. A kuma duba saitin fitilun gaba, kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido da dare.

Bara aka jawo mini wata irin taka, baƙa, an sauke ta sosai a wani gareji. Mai ita ya hau tudun rage gudu a cikin unguwa bai danna maɓallin ɗagawa ba, kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji ya fashe. Allah ya taimake shi ya ga fitilar gargaɗin mai ta kama ya kashe motar nan take. Da ya ƙara tafiyar minti biyar, da maganar inji muke yi. Har yau ina jin zafin abin, domin mota ce da aka kula da ita, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Abin da zan yi in tawa ce: a fara gyara zubar iskar, kuma in jakar hagu ta mutu a canja ta tare da ta dama, domin sa'o'in juna ne. In za ka nema a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ka sani tsohuwar jaka 'yar Kwatano na iya zama shekarunta ɗaya da wadda ka cire, ka murza robar ka duba da idonka. Bayan nan a sauke ta da santimita ɗaya da rabi, iyaka biyu, a daidaita kusurwa huɗu da tef a kan siminti mai shafe. Wannan ya isa ya rufe ratar da ke damunka. Maɓallin ɗagawa kuwa ya zama abokinka a ƙofar gida, a kan kwalbati, da lokacin damina idan ruwa ya kwanta a titi, don abin da yake ƙara maka bai wuce santimita uku ba, kuma daga sabon tsayin zai ƙirga.

Ka adana sandunan asali a cikin motar. Sannan ka ja wa yaron kunne: kada ya kuskura ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙarfe. Da zarar ya taɓa sandan sensa, motar na iya sakin iska ta sauko a kansa, kuma nauyinta ya kusa tan biyu.