Kamfani na kirana injiniya, igamata kuma ta ce mubarmij, in sayi takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Dan Allah abin nan ya hana ni barci. Kimiyyar kwamfuta na karanta a gida Najeriya, yanzu ina Riyad ina rubuta manhajoji a wani kamfani, a katin aikina sun sa injiniyan manhaja amma a igama, wato takardar izinin zama, mubarmij (mai rubuta manhaja) aka rubuta. Wani mu'akkib, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshin hukuma, a Makka ya ce in kawo riyal 8,000 zai samo min digirin injiniyanci daga waje a canza min sana'a albashi ya ƙaru. Laifi ne in kira kaina injiniya? Kuma in ba shi kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ko halala ɗaya, kobon Saudiyya, kar ka ba shi.

Sunan da kamfani ke sa maka a kati na cikin gida ne, harkar manhaja haka take kusan ko'ina. Amurka ma sai 2013 suka fito da jarrabawar lasisi ta injiniyan manhaja, a 2019 suka rufe ta saboda ƙarancin masu zama. Amma nan Saudiyya muhandis, wato injiniya, matsayi ne na hukuma, yana hannun Hai'atul Muhandisin, hukumar injiniyoyi da aka kafa a 2002, kuma digirinka suke dubawa ba iya rubuta manhajarka ba. Wanda ya fito daga tsangayar injiniyanci, kamar injiniyancin kwamfuta, shi ne muhandis, mai kimiyyar kwamfuta irinka galibi a layin akhissa'i, wato ƙwararre, ake ajiye shi. Ni kaina tsarin na ba ni haushi, yaro ya gina manhajar da banki ke tafiya a kanta a ce bai kai ba, wani ko layi goma bai iya rubutawa ba yana yawo da suna. To amma doka ce.

Yanzu maganar da ke ƙona min rai, wadda kullum sai na ji ta daga Shara Mansur ta Makka har Karantina ta Jidda: wai "ai ba sa dubawa, takarda kawai suke so". Wallahi suna dubawa! Ana tuntuɓar jami'ar da ke jikin takardar a tambaya ko ka taɓa zama ajinsu, kuma sabunta igamar baƙon injiniya a ɗaure take da rajistarsa a Hai'a, kenan ba sau ɗaya za ka tsallake ba, duk sabuntawa fayil ɗinka na gabansu da sunanka da hotonka. Sai ka ji ana cewa ai wane ya yi shekara kaza ba a kama shi ba, to wane ɗin ka tambaye shi ko yana iya canza kafili, wato mai ɗaukar nauyin aikinsa, hankali kwance. Dokar aikin injiniyanci ta 1438 Hijiriyya ta tanadi tarar da ta kai riyal miliyan 1 da ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga mai ba da bayanan ƙarya ko mai ɗaukar matsayin da ba a ba shi ba, jabun takarda kuma laifi ne daban mai zaman kansa, bayan nan sai tarhil, wato korar mutum ƙasarsa. Ranar da abin ya fashe mu'akkibin nan layinsa a kashe zai kasance, kai ka sa hannu, kai za a riƙe, iyalinka da ke kan igamarka su ma su kwashi nasu rabon. Ga albashin da aka ci da takardar ƙarya, ka tambayi kowane malami a Harami hukuncinsa.

Ka yi rajista da digirinka na gaskiya a matakin da suka ba ka, duk takardar da za ta je hukuma ka rubuta abin da ke igamarka, kar ka sa harafin muhandis gaban sunanka. Ƙarin albashi kuwa ka je wa manajanka da ayyukan da ka gama. Mu'akkibin in ya sake kira ka ce ya fara saya wa ɗansa.